Goggo da Telan da Ba a Wanke Ba

Labarin rasuwar Goggo ya riga mu isowa Paraku. Direbobin da ke lodin doya a Jugu ne suka kawo shi, tun kafin maza su dawo daga maƙabarta. Baba ya yi ta shiryawa a mota yadda zai gaya wa mutane cewa yayarsa ta cika a ɗakin ƙanwarta, kusa da buzun sallarta. Da muka sauka a ƙofar gidanmu na Lajifarani, bai samu ko buɗe baki ba.

Tsakar gida cike take da mata. Kowace ta shigo sai ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙan rai, ya ba mu haƙuri, sannan ta matsa kusa da ta gefenta ta rage murya. A ɗakin bidiyo? Hajiya da kanta? Wata tsohuwa daga unguwar Titiru ta riƙe haɓa tun hantsi, har azahar ban ga ta sake ta ba. Wata kuma ta rantse sharrin 'yan tasha ne, don an san bakinsu. Da aka nuna mata ni, aka ce ga wadda ke zaune kusa da ita a lokacin, ta dube ni, na gyaɗa kai, sai ta ajiye kofin kunun da ke hannunta ta fita ba sallama. A waje, gefen rumfar maza, samari ne tsaitsaye, masu turin kura da yaran gareji, waɗanda ba a taɓa gani a zaman makoki ba. Kuka suke yi na gaske, dattawa kuwa suna hararsu.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye. A Jugu aka haife ta, gidan fataken goro, aure ya kawo ta Paraku. Ita ce mai wankan gawa ta unguwarmu. Bahaushiya ko Badenda, matar mai shago ko mai tallan koko, in dai mace ta rasu daga nan har Titiru, ƙofarmu ake bugawa. Wannan matar ce ta mutu a kan benci, tsakiyar samari, tana kallon fim ɗin da ake farke mutane da almakashi.

A wajenmu an yarda cewa jikin mamaci yana nuna inda ya dosa. Wata gawar takan yi laushi, fuska ta yi haske, wata ta yi nauyi ta yi duhu. Mai wanka kaɗai ke gani. To ni na wanke Goggo, kuma duk tsakar gidan nan jira ake in ce wani abu. Wadda ta fi kowa matsawa ita ce maƙwabciyarmu, matar ladan. Ta zauna daf da ni tana cewa ita dai ba ta ce komai ba, amma irin wannan mutuwa akwai abin dubawa, Allah ya sa mu cika da kyau. Ta faɗa ya fi a ƙirga. Sunan Goggo yana hannuna, na kuma san haka.

Bari in koma baya.

Ɗan Goggo direban babbar mota ne, yana bin hanyar Nikki zuwa Najeriya. Shi ya shigo mana da bidiyo da talabijin, ya jera benci a zaure, samari suka riƙa taruwa bayan azahar in akwai wuta. Da farko Goggo ta ce kayan shaiɗan ne, kada wanda ya kira ta. Wata rana ihun yara ya ishe ta, ta fito da muciya za ta kore su. Tana ɗaga labule ta tarar ana nuna gawar wata Baturiya a kan tebur. Ta tsaya. Can sai muka ji ta ce, "Wane mara kunya ne ya bar mata haɓa a sake?" Zaure ya ɗauki dariya. Ba ta yi dariya ba, ta ture wani yaro ta zauna, muciyar na kan cinyarta.

Fim ɗin kashi-kashi ne, ba mu damu da sunansa na Faransanci ba, Tela muke ce masa. Wani tela ne a wani ƙaramin garin Turawa, aka yi masa sharri, manyan garin suka taru suka kashe shi, suka jefa shi cikin taɓo da kayan aikinsa. Daga nan duk kashi sai ya fito ya bi zuriyarsu. Ni ce tafinta, da Faransancina na lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa Goggo ke kirana 'yar lakwal. Ina fassara ina leƙe ta tsakanin yatsu, don ni matsoraciya ce ta ƙarshe. Ko kaza aka yanka sai na bar wurin.

Goggo kuwa gyaɗa take ɓarewa. In jini ya yi tsartuwa daga wanda ya riga ya mutu, sai ta yi tsaki ta ce wannan soɓorodo ne, jinin matacce ba ya tsalle. In an nuna gawa ta kwana uku tana sheƙi, ta ce a kai wa yara. Amma akwai wani wuri a kashi na uku, inda Tela ya kama jikan alƙalin garin, ya buɗe shi da almakashi daga maƙogwaro har cibiya, ya zaro hanjin ya auna da tef kamu-kamu, sannan ya mayar ya ɗinke shi tsaf ya zaunar da shi a teburin cin abinci. Samari biyu suka fita da gudu. Ni na manta da fassara. Goggo ta daina tauna, sannan ta ce wanda ya shirya wannan ya taɓa ganin mutum a buɗe. Ta sa aka mayar da kaset baya, ta kuma yaba ɗinkin.

Ba jinin kaɗai ke riƙe ta ba. Ta san dangin garin nan yadda ta san gidajen zango, wa ya haifi wa, kakan wa ya riƙe ƙafa, kakan wa ya tsaya kallo bai hana ba. Jaririyar da aka ɓoye a kwandon burodi a kashi na farko, Goggo ce ta fara gane ta a kashi na huɗu tana uwar 'ya'ya, tun kafin fim ɗin ya faɗa. Takan ce mai labarin nan yana da haƙuri, ya iya ajiye magana har ta nuna. Kashi na biyar kuwa ta tsane shi, don a ciki Tela yana yanka matafiya da ba ruwansu. Ta ce an ɓata masa suna, Tela ba mahaukaci ba ne. Ta yini ba ta kula ɗanta ba, sai ka ce shi ya shirya fim ɗin. A ganinta duk labarin abu ɗaya ne: mutum ne aka jefa a taɓo ba wanka ba sutura, kuma garin Turawa guda an rasa mace ɗaya mai hankali da za ta ɗauki bokiti.

Lokacin juyin juya hali ne, taron mutum goma ma sai an tambayi dalili. Wata rana dalige, wakilin gwamnati a unguwa, ya shigo da littafinsa a hammata, ya ce an kai ƙara ana nuna finafinan 'yan mulkin mallaka masu lalata tunanin matasa. Ya ga Goggo a gaba, ya ɗan rusuna ya ce, "Kamarad Hajiya, har da ku?" Ita ta wanke mahaifiyarsa. Ta matsa masa wuri ta ce ya zauna ya gani da idonsa kafin ya yanke hukunci. Ya kai har inda Tela ke ɗinke bakin matar mai unguwa. Bayan gida muka jiyo shi yana amai, kuma bai sake zancen ba.

Baba ne bai taɓa sakin zancen ba. Sun yi faɗa sosai a kai, irin faɗan ƙani da yaya, shi yana tsaye yana magana da ladabi jijiyar wuyansa a miƙe, ita tana zaune tana tsince shinkafa. Ya ce mutuncinta ya wuce zaman zaure, ya ce mata za su fara ƙyamar hannunta, ya ce ya ji tana ba wa masu daka labarin hanji da ƙwaƙwalwa har sun kasa cin tuwo. Ta bar shi ya gama, ta ce ta ji. Da ya fita, ta juyo gare ni.

"'Yar lakwal, tun kafin a haife ki nake ganin gawa bakina a rufe. Ni kuwa Allah ya yi ni da son labari. Waɗannan na cikin akwatin ba amanar kowa ba ne. Su kaɗai ne matattun da aka halatta mini in yi zancensu."

Gaskiya ta faɗa. Goggo mai surutu ce, za ta ba ki labarin tafiyar goro daga Jugu har ki ji ƙamshin ganyen. Amma in ta fito daga ɗakin wanka, ko da wuƙa ba a jin komai daga bakinta. Malamai sun ce in an ga alheri a jikin mamaci ba laifi a faɗa, sharri ne ake rufewa. Goggo ta ƙi wannan sauƙin. Akwai wata hajiya mai dukiya da ta rasu, 'ya'yanta suka tare Goggo a ƙofa suna kuka, su dai ta ce musu fuskar uwarsu ta yi haske. Ta yi musu addu'a ta wuce. Sun yi fushi har suka daina gaishe ta. Na tambaye ta me zai rage ta in ta faɗa. Ta ce in ta yabi wannan yau, gobe in ta fito daga wani ɗakin ta yi shiru, ta riga ta tona wa waccan asiri. Ba a jima ba aka tsinci wata baƙuwa daga Nijar ta mutu a tasha, aka ce mai zaman kanta ce, kowa ya janye. Goggo ta sa aka kawo ta gidanmu, ta wanke ta da turaren da ta ajiye wa kanta. Masu son jin gulma sun zo, abin da 'ya'yan hajiya suka samu shi suka samu.

Burinta in gaje ta. Baba kuwa so yake in gama karatu in zauna a ofis. Ni ba na son ko jin ƙamshin kafur. Amma Goggo ba ta san a ce mata a'a ba. Rannan ta shimfiɗa tabarma a ɗaki, ta miƙe a kai, ta rufe ido ta ce, "Na mutu. Fara." Ta sa na naɗe tsumma a hannu, ta nuna mini yadda ake juya mutum ba a yaye shi ba, dama kafin hagu, yadda ake tsefe kai a yi kitso uku. In na yi kuskure sai gawar ta buɗe ido ɗaya ta zage ni. Na yi dariya har na yi kuka, daga baya kukan ya zama na gaske, na gudu. Ta bi ni da murya tana cewa in dawo, ba a barin gawa a jiƙe.

A shekarar da albashi ya tsaya, malamai suka shiga yajin aiki, aka rufe mana makaranta, ɗan Goggo ya zo da labari cewa kashi na ƙarshe ya fito. Kaset ɗin yana hannun wani mai bidiyo a Jugu, kuma ya rantse ba zai ba da aro ba. Kwana biyu bayan haka Goggo ta wayi gari da kewar ƙanwarta. Ta ce ta yi mafarkinta, zumunci ya yi nisa, kuma tunda 'yar lakwal ba ta da lakwal, sai ta raka ta. Baba har da ba mu tsaraba mu kai.

Mun gaisa da ƙanwar tata, Goggo Ƙarama, mun ci sakwara, an yi azahar. Goggo ta yafa mayafi ta ce za ta zaga dangi. Ɗakin bidiyon muka nufa, rumfar kwano ce a bayan kasuwa, zafi kamar tanda, injin wuta yana ƙara a waje. Samarin Jugu ba su san ta ba, suka yi ta kallon tsohuwa da carbi tana neman bencin gaba. Aka fara. Wannan karon mai labarin ya dawo hayyacinsa. Mutum ɗaya ta rage a zuriyar, wata yarinya, jikar jaririyar nan ta kwandon burodi. Tela ya riga ya gama da mijinta, ya rataye fatarsa a jikin ƙusa kamar rigar da ke jiran mai ita. Maimakon yarinyar ta gudu, sai ta shiga kicin ta ɗauki farin zane da bokiti, ta nufi taɓon.

Goggo ta damƙe hannuna. "Kin gani? An samu mai hankali."

Na ci gaba da fassara. Yarinyar ta shiga taɓo har ƙugu tana laluba. Na ji kan Goggo ya sauka a kafaɗata, na ɗauka so take ta ji ni da kyau saboda ƙarar injin, sai na ƙara kusantar kunnenta. Ban san tsawon lokacin da na yi ina fassara mata ba. Carbinta ne ya faɗi ƙasa, na sunkuya in ɗauka, sai ta biyo ni gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Wani ya yi ihu cewa fim ya kashe tsohuwa, aka yi ta tattake juna a ƙofa, mai bidiyo ya fizge waya. Ni ina ƙasa rungume da ita ina kiran sunan da ban taɓa kiranta da shi ba. Ba ta ga ƙarshen ba, ni ma har yau ban gani ba.

Kafin a kai ta gidan Goggo Ƙarama labari ya zaga Jugu, kowa da ƙarin da ya yi masa. Aka aika wa mai wankan unguwar, ta aiko cewa bayanta ya riƙe. Aka aika wa wata, aka ce ta tafi Kolokonde. Baba ya iso da safe, maza suka haƙa kabari, rana tana ɗagawa, matar da ta wanke rabin Paraku tana kwance ba mai taɓa ta. Goggo Ƙarama hannunta rawa yake, ta ce ita dai za ta iya zuba ruwa. Ba wanda ya ce mini komai. Na tsaya a ƙofar ɗakin, ina jin tsoron matar da ta goya ni. Sannan na naɗe tsumma a hannu na shiga. Na yi yadda ta koya mini. Sau ɗaya na yi kuskure, na tsaya ina jiran a zage ni.

Ranar sadakar uku, a Paraku, Baba ya kira ni ɗakinsa. Ya rame, idonsa ya yi ja. Ya ce ya san abin da ake faɗa a waje, har an fara cewa ba a san me take yi da gawarwakin mutane ba. Ya ce ni kaɗai zan iya kashe wutar nan.

"Kalma ɗaya, 'yar nan. Ki fita ki ce kin ga haske. Ba don ni ba, don ita."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Na so in faɗa, Allah ya sani na so. Ya kama hannuna ya kai ni har bakin tsakar gida, ya ce wa mata ga wadda ta yi wanka, tana da magana. Matar ladan har ta gyara zama. Na dubi fuskokin nan, tsofaffi da masu ciki da 'yan mata, na tuna cewa kowace a cikinsu wata rana za a rufe ƙofa da ita a kwance. Na ce musu Goggo ta gode da zuwansu, su yafe mata, su sa ta a addu'a. Na koma madafa.

Baba ya saki hannuna tun ban gama ba. Ya yi wata bai amsa gaisuwata da baki ba, kuma ban ga laifinsa ba. Zancen bai mutu ba, har yanzu akwai gidajen da in an ambaci Goggo sai a taɓe baki. Wannan yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Allah ya san abin da ta aikata da hannuwanta, ya yi mata rahama, ya suturta ta yadda ta suturta 'ya'yan mutane.

A ranar sadakar ukun nan, ina madafa ina kankare tukunya ina kuka, na ji mutum a bayana. Matar ladan ce. Na zaci ta biyo ni ta ƙara tambaya, har na ɗaure fuska. Ta leƙa waje, ta jawo ƙyauren, ta tsuguna kusa da ni. Ta ce ashe ko ubana bai iya buɗe bakina ba. Na ci gaba da kankare tukunyata. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta ɗora hannu a gefen ƙirjinta, ta ce akwai abin da ke jikinta shekara da shekaru, ko 'ya'yanta ba su sani ba, kuma likita ya ce ba nisa.

"In tawa ta zo, ke nake so. Kada ki bari wata ta shigo."

Na cire hannuna daga tukunya. Na ce to, Inna. Ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi, ta koma cikin mata. Bayan damina aka buga ƙofarmu, ɗan aike ne daga gidan ladan, na ɗauki bokitin Goggo na fita.